NAUYI DA SITIYARI A TARIHIN MOTOCIN TSEREN RALI



In an ba da tarihin tseren motoci, yawanci sunan direba da ƙarfin inji su ne ke cinye labarin. Ni kuwa yau ina so in bi ta wata ƙaramar ƙofa, watau in duba abubuwa biyu da ba safai a kan kula da su ba: nauyin mota, da kuma abin da ke tsakanin hannun direba da tayoyin gaba. Biyun nan sun shekara saba'in su na ja-in-ja a hannun injiniyoyi, kuma a tsakiyar ja-in-jar an yi hasarar rayuka.

Sai mu fara da bayyana irin tseren da mu ke nufi. Tseren rali ya bambanta da wanda a ke yi a kewayayyen fili mai sumul. Shi a kan hanyoyin jama'a a ke yinsa, kwalta da burji da laka da ƙanƙara, a saki motoci ɗaya bayan ɗaya, a ƙidaya lokacin kowacce. Mutum biyu ne a cikin mota, direba da mai karanta masa hanya. Wanda ya fi daɗewa cikin manyan ralin duniya shi ne na Monte Karlo, wanda aka fara a 1911. Gasar duniya kuwa, wadda ta haɗa manyan raloli wuri guda, sai a 1973 aka kafa ta.

Dalilin gudun nauyi a fili ya ke. Kowane kilo da ke jikin mota sai inji ya ja shi in an taka totur, sai birki ya tsai da shi in an zo kwana, sai taya ta riƙe shi kada ya zarce da motar cikin daji. Ƙarin ƙarfin inji wuri ɗaya ya ke amfani, watau a miƙaƙƙiyar hanya, amma rage nauyi ya na amfani a wajen tashi da tsayawa da juyawa duka. Saboda haka motocin da su ka yi suna a shekarun 1960 ƙanana ne. Erik Carlsson na Suwidin ya ci Monte Karlo a 1962 da 1963 da Saab 96, motar da injinta bai kai lita ɗaya ba. Mini Cooper S ta Ingila, wadda ba ta kai kilo 700 ba, ta ci a 1964 da 1965 da 1967. Alpine A110 ta Faransa, wadda aka yi jikinta da zaren gilashi maimakon ƙarfe, ita ta ɗauki kambun kamfanoni na farko a 1973, sa'an nan Lancia Stratos ta Italiya ta riƙe shi shekara uku a jere, daga 1974 zuwa 1976. Waɗannan motoci duk hannun direba kaɗai ke juya tayarsu. Alpine injinta a baya ya ke, Stratos a tsakiya, don haka gabansu ba nauyi, tayoyin kuma ba su cika faɗi ba. Wa zai ɗora wa irin wannan mota famfo da tiyo da tankin mai, alhali kuwa an cire mata har darduma da kujerar baya?

To amma a lokacin an riga an san sitiyari mai agaji, wanda makanikanmu ke kira fawa sitiyari. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, ya gwada shi a kan mota ƙirar Pierce-Arrow tun 1926. Tsada da karayar tattalin arziki su ka sa kamfanoni su ka jingine shi, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya farfaɗo da shi a manyan motocin soja. A 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da shi ga jama'a a motarsa Imperial, General Motors ya bi baya a 1952.

Ya kamata in tsaya a nan in bayyana yadda abin ke aiki, domin wanda bai fahimci wannan ba, sauran labarin zai zame masa jerin sunaye kawai. Asalinsa ƙa'idar Blaise Pascal ce, masanin Faransa na ƙarni na 17: in aka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin ya kan isa ko'ina daidai, kuma ƙarfin da zai bayar shi ne matsin a ninka da faɗin wurin da ya ke turawa. Akwai famfo wanda inji ke juyawa da fambel, ya na tura mai ba tsayawa. Akwai bawul a gindin sandar sitiyari, a cikinsa akwai wani siririn ƙarfe mai ɗan murɗuwa. Muddin direba bai juya ba, mai ya kan zagaya ya koma tanki ba tare da wani matsi ba. Da ya juya, taya ta yi gardama, sai siririn ƙarfen ya murɗe kaɗan, ya buɗe wa mai hanya zuwa gefe ɗaya na wani fistin da ke jikin sandar da ke tura tayoyi. Iyakar gardamar taya, iyakar murɗuwar ƙarfen, iyakar hawan matsi. Sa'an nan akwai bawul na biyu mai tsaro, wanda ke sakin mai in matsi ya kai iyakar da aka yanka masa. A ma'aunin da a ke kira bar, iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da 'yan kai ba, amma man sitiyari ya kan kai wajen bar 100. Bar ɗaya kuwa kusan kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Ke nan in fuskar fistin ta kai murabba'in santimita 8, matsin bar 100 zai tura sandar da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 800. Buhun masara takwas ke nan, a ƙarƙashin yatsun mutum ɗaya.

Daga wannan lissafi za a ga inda matsi da nauyi su ka haɗu. In ka ninka matsi, ka na iya rage faɗin fistin da rabi ka sami ƙarfi iri ɗaya. Fistin ƙarami kuwa na nufin ƙaramin bututu, da mai kaɗan, da ƙaramin tanki. Kamfanin Citroën na Faransa shi ya fara bin wannan hanya sosai a motarsa DS ta 1955, inda famfo guda mai matsin da ya haura bar 140 ke hidimar sitiyari da birki da giya da kuma ɗaga jikin mota. Abin sha'awa shi ne, lokacin da Citroën ta fara cin Monte Karlo a 1959, da ID 19 ta ci, ƙanwar DS wadda aka sauƙaƙa aka cire mata agajin sitiyari. DS ɗin kanta ta ci a 1966 a hannun Pauli Toivonen na Finlan, amma nasara ce mai ƙura, don kuwa motocin Mini ne su ka zo na ɗaya da na biyu da na uku, alƙalai su ka soke su a kan maganar fitilu. Ku riƙe sunan Toivonen, za mu sake gamuwa da shi. A 1971 Citroën SM, babbar mota mai sitiyarin da mai ke sarrafa shi kusan gaba ɗaya, ta ci ralin Maroko. Duk da haka yawancin direbobin zamanin ba su yarda da abin ba. Ƙorafinsu shi ne, direba da tafin hannunsa ya ke jin ko taya ta kama ƙasa ko ta fara sulɓi, mai kuwa ya kan danne wannan saƙo. Ƙorafi ne mai tushe, domin sitiyarin manyan motocin Amurka na lokacin an yi shi ne don mai fita kasuwa ya juya da yatsa ɗaya.

Afirka ta koyar da wani darasi daban. An fara ralin Safari a 1953 a Kenya da Yuganda da Tanganyika, don bikin naɗin Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu. Tafiya ce ta wajen kilomita 5,000 cikin 'yan kwanaki, a lokacin ruwan sama, a hanyoyin da ba a rufe wa sauran masu mota ba. A nan wanda ya rage nauyi fiye da kima a daji zai kwana. Ƙara wa mota kaya a ke yi: faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji, ƙarfen kariya a gaba saboda dabbobi, safiya taya biyu, babban tanki, da kayan tono in an kafe. Shekara 19 ba wani direba daga wajen Gabashin Afirka da ya ci, sai a 1972 Hannu Mikkola na Finlan ya karya wannan da Ford Escort. Joginder Singh na Kenya ya ci a 1965 da tsohuwar Volvo, ya sake ci a 1974 da 1976. Shekhar Mehta ya ci sau biyar da Datsun, huɗu daga ciki a jere daga 1979 zuwa 1982. Peugeot 404 ta ci sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, kuma 504 ta ci a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Duk wanda ya taɓa shiga 504 daga Kano zuwa Maiduguri ya san ba don sauƙin nauyi a ke yabonta ba. A Kwaddibuwa ma haka abin ya ke. Ralin Bandama na 1972 ba motar da ta kai ƙarshe ko ɗaya. A 1979 da 1980 kuwa Mercedes ce ta ci shi da wata ƙatuwar mota mai silinda takwas, mai canza giya da kanta, mai agajin sitiyari, ko da ya ke ita ma an yi mata murfin inji da na but da alminiyom. A tafiyar kwana da kwanaki cikin zafi, gajiyar direba ita ma kaya ce, Jamusawa kuwa sun sa ta cikin lissafi.

Abin da ya sauya al'amarin a Turai shi ne Audi Quattro. A 1979 hukumar tseren ta halatta mota mai ja da ƙafa huɗu, sauran kamfanoni ba su damu ba, su na ganin nauyin ƙarin giya da sanduna zai cinye amfanin. Audi ta shigo gasar a 1981 da mota mai kusan kilo 1,200, da inji mai silinda biyar da tarbo, wanda ke zaune gaba da tayoyin gaba. A kan ƙanƙara da tsakuwa ba mai kama ta. Amma a duba abin da aka ɗora wa tayoyin nan na gaba: nauyin inji na kansu, sun yi faɗi, kuma yanzu su na ja, ba juyawa kaɗai ba. Tayar da ke ja, in ta taka dutse ko rami, sai ta fizgi sitiyari daga hannun mai riƙe da shi. Ban da wannan, direban rali na bukatar sitiyari mai saurin amsawa. Motar gida ta kan yi zagaye uku ko fiye daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, ta rali kuwa ba a so ta wuce biyu, don a iya tare bayan mota in ya zame. Rage zagaye kamar gajarta ƙotar gatari ne, dole ƙarfin hannu ya ƙaru. Da waɗannan su ka taru, agajin mai ya zama tilas. Michèle Mouton ta Faransa ta ci ralin Sanremo da Quattro a 1981, ta zo ta biyu a gasar duniya a 1982. Wasu kan jingina wannan ga sauƙin sitiyari, ni kuwa ina ganin rowar yabo ce, domin mazan da ta tsere wa a cikin irin motar su ma agajin nan su ke da shi.

A 1982 aka buɗe rukunin da a ke kira Rukunin B, kuma a nan ne maganar nauyi ta zama lissafin alƙalami. Doka ta ce kamfani ya ƙera mota 200 kacal, sa'an nan ya na iya fito da ingantacciya in ya ƙera 20. Aka kuma ɗaure mafi ƙarancin nauyi da girman inji: wanda bai wuce lita biyu da rabi ba, kilo 890, wanda bai wuce lita uku ba, kilo 960, daga nan zuwa lita huɗu, kilo 1,100. Injin da ke da tarbo kuwa sai a ninka girmansa da 1.4. Ku dubi yadda injiniyoyi su ka yi da wannan. Peugeot ta yanka injin 205 T16 a kan cc 1,775, wanda in an ninka ya zama 2,485, ya tsaya dab da bakin iyaka. Lancia ta yanka na Delta S4 a kan 1,759. Audi kuwa injinta 2,144 ne, in an ninka ya haura 3,000 da ƙiris, abin da zai jefa ta rukunin kilo 1,100. Sai ta ɗan rage shi don ta faɗo na 960. Amma samun izini daban, kaiwa ga nauyin daban. Audi ta datse tsawon motar da santimita 32, ta yi jikinta da Kevlar, daga baya ta kwashe lagireto ta mayar baya don ta sauƙaƙa wa hancin motar, duk da haka ba ta sauko inda Peugeot da Lancia su ke ba. Su waɗannan sun ajiye inji a tsakiya, a cikin keji na bututun ƙarfe, su ka lulluɓe shi da ɓawo marar nauyi mai kama da motar kasuwa. Kafin su iso, Lancia 037 mai ja da baya kaɗai ta kayar da Audi a gasar kamfanoni ta 1983, da sauƙin nauyi da dabara, kuma ita ce ta ƙarshe mai ja da ƙafa biyu da ta yi haka.

Ga wani abu da ya cancanci lura. Peugeot, wadda ke ƙidaya kowane kilo, da ta fito da ingantacciyar 205 T16 a 1985, cikin abubuwan da ta ƙara har da agajin sitiyari. Watau ta yarda ta ɗauki nauyin famfo da tiyo da mai, ta kuma bar famfon ya ci wani abu daga ƙarfin inji, don ta gane cewa direban da hannunsa ya mutu a rabin zango ya fi wannan tsada. Timo Salonen ya zama zakaran duniya da ita a 1985, Juha Kankkunen a 1986. A Safari kam duk wannan bai yi aiki ba: Toyota Celica mai ja da baya, mai sauƙin gyara, ita ta ci a 1984 da 1985 da 1986, kuma mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta ci ba sai 1987.

Ƙarshen Rukunin B kuwa da jini aka rubuta shi. Motoci sun haura ƙarfin doki 450 a jikin da bai kai tan ɗaya ba, 'yan kallo kuma na tsayawa a tsakiyar hanya sai mota ta iso su dare. Ran 2 ga Mayu 1985 Attilio Bettega ya mutu a tsibirin Korsika cikin Lancia 037. A watan Maris 1986 wata Ford RS200 ta faɗa cikin 'yan kallo a Fotugal, mutum uku su ka mutu. Ran 2 ga Mayu 1986, a Korsika ɗin dai, Henri Toivonen, ɗan Pauli, wanda ya ci Monte Karlo a farkon shekarar, shekara 20 cif bayan mahaifinsa, ya saki hanya a wata kwana cikin Delta S4. Tankin fetur a ƙarƙashin kujeru ya ke, jikin motar kuma irin mai cin wuta ne. Shi da mai karanta masa hanya, Sergio Cresto, su ka ƙone, ba abin da ya rage sai kejin ƙarfe. Nan take hukuma ta sanar da soke rukunin daga ƙarshen shekarar. A ganina kuskuren dokar shi ne ta auna nauyin mota ba ta tambayi inda aka cire shi ba. Sikeli bai san bambancin kilon darduma da kilon da ke kare tankin fetur ba.

Daga 1987 aka koma Rukunin A, inda sai kamfani ya ƙera mota 5,000 kafin ya shiga, jikin kuma na motar kasuwa ne. Daga 1997 aka tsai da mafi ƙarancin nauyi a kilo 1,230. Kada a ɗauka wannan ya kashe neman sauƙi. Injiniya ya ci gaba da fafe kowane ƙarfe, don in motar ta faɗo ƙasa da iyaka sai ya cike gibin da dalma a ƙasan mota, a daidai inda ya ke so. Kilo ɗaya a rufin mota da kilo ɗaya a ƙarƙashin kujera sikeli ɗaya su ke nunawa, amma a kwana halinsu ya bambanta.

A wannan zamani ne sitiyarin mai ya zama ruwan dare, matsalolinsa kuma su ka fito fili. Famfon motar gida an yi shi ne don ya ba da isasshen mai tun inji na numfashi a tsaye. Injin tsere kuwa yini ya ke a sama, sai famfo ya riƙa tura mai fiye da bukata, rarar ta koma zafi, mai ya tsinke, ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta tura fistin. Maganin shi ne a ƙara girman fulin famfo don ya rage gudu, a sa wa mai ɗan lagiretonsa, a yi wa tanki shamaki a ciki don kada mai ya gudu gefe a bar famfo na zuƙar iska. Kowanne daga cikin waɗannan ƙarin nauyi ne, abin da aka rage a fistin ya dawo ta wata ƙofa. Sai kuma bugun hanya: in taya ta daki dutse da gudu, fistin ne ke komowa ya matsa mai, matsi ya yi tsalle cikin ƙiftawar ido kafin bawul ɗin tsaro ya buɗe, ya nemi inda ya fi rauni, ko roba ko bakin tiyo. In tiyo ya fashe kusa da tarbo mai ja wur, ga gobara. In ma ba wuta, direban ya shiga uku, domin sitiyarin da agajinsa ya mutu ya fi wanda ba a taɓa yi wa agaji ba tauri: ga gajeren zagaye, ga faffaɗar taya, ga shi sai ya tura sauran man da hannunsa. A kan ga direbobi sun kai ƙarshen zango sun yi hasarar mintoci, hannuwa sun yi kanta, su na kasa ɗaga kofin ruwa.

Lantarki ya kawo wata mafita. Suzuki ta fara sa sitiyari mai agajin lantarki a ƙaramar motarta Cervo a 1988, ba famfo ba mai, kuma ba ya cin wuta sai an juya. Akwai kuma na tsaka-tsaki, inda batir ke juya famfon mai, don haka a na iya ajiye shi ko'ina a mota, a ƙasa ko a baya, gudunsa kuma bai dogara ga na inji ba. Masu tsere da kuɗin aljihunsu a Ingila da Ailan sun rungumi waɗannan. Sandar sitiyarin lantarki ta ƙaramar Corsa, wadda a ke cirowa daga matattun motoci, ta shiga tsofaffin Escort masu yawa waɗanda aka ƙera ba agaji.

Manyan kamfanoni kuwa ba su yi gaggawar barin mai ba, saboda mai na shanye bugun dutse yadda haƙoran giyar lantarki ba sa iyawa, kuma ya na ba da ƙarfi mai yawa daga ƙaramin abu. A 2017 mafi ƙarancin nauyi ya sauko kilo 1,190. A 2021 Safari ya dawo cikin gasar duniya bayan rabuwa tun 2002, amma an taƙaita shi zuwa 'yan kilomita ɗari uku da wani abu a rufaffun hanyoyi kusa da Naibasha. A 2022 aka fito da motocin Rally1, masu kejin bututu kamar na Rukunin B amma wanda aka gina don kare mutanen ciki, aka ɗora musu batir da injin lantarki mai ƙarfin kilowat 100, nauyi ya hau zuwa kilo 1,260. Motar da ta fi kowacce lantarki a tarihin gasar, Toyota ta fito da tata da sitiyarin mai, famfo da fistin irin na Francis Davis. Bayan shekara uku, saboda tsadar gyaran batir ɗin in ya sha bugu, aka cire shi daga kakar 2025, aka mai da mafi ƙarancin nauyi kilo 1,180.